Kwanan Jaka 100 a Yamai: Me Ɗan Arewa Yake Saya?

Mutumin Dogondutsi ko na Tibiri, a ƙasar Arewa ta Nijar, ba kasafai yake zaro kuɗi daga aljihunsa ya kama ɗaki a babban otel na Yamai ba. Galibi wata ƙungiya ce ke gayyatar sa taron bita, ko kuma ma'aikatarsa ta tura shi. Ta haka magajin gari yake samun kansa a can, da shugaban manoman dankali, da ungozomar Matankari, da malamin makarantar Gesheme. Jefi-jefi akan sami ɗan kasuwa mai jiran baƙi daga ƙasashen waje, ko angon da abokansa suka yi wa karo-karo. In sun dawo gida kuwa, labari biyu ake ji a majalisa. Wani ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa barci irin na daren nan ba. Wani ya ce Allah ya sawwaƙe, da kuɗin aka damƙa masa a hannu, da ya kwana a tsakar gidan ƙanensa a unguwar Talaje ya koma Arewa da buhun shinkafa da kayan sallar yara. Na zauna da masu faɗin duka biyun, ni ma aiki ya sha kai ni irin waɗannan ɗakuna. Ina ganin gardamar ta cancanci a zauna a yi mata awo, domin kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya da ɗayan ba ya son ji.

Kafin 2019, in an ce babban otel a Yamai, Gaweye ake nufi, wanda aka gina a bakin kogi kusa da gadar Kennedy a farkon shekarun 1980, zamanin Seyni Kountché, da kuɗin yuraniyom. Akwai kuma Grand Hôtel da ya girme shi, inda ake zama a farfajiya da yamma ana cin tsire ana kallon kogi. Daga baya 'yan Sin suka buɗe Soluxe. Abin da ya sauya fuskar birnin baki ɗaya shi ne taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019, wanda a wurinsa aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ga ba ta da isasshen wurin sauke shugabanni da dubban 'yan rakiyarsu, sai aka shiga gini ba dare ba rana. Kamfanin Summa na Turkiyya, wanda ya sabunta filin jirgin saman Diori Hamani, shi ya gina Radisson Blu mai ɗakuna 189. Rukunin Teyliom na wani attajirin Senegal ya buɗe Noom, 'yan kasuwar Indiya suka buɗe Bravia. Wanda ya rabu da Yamai a 2017 ya dawo a ƙarshen 2019, sai da ya ɗaga kai sama kafin ya gane unguwar Filato.

A irin waɗannan wurare kwana ɗaya yakan haura jaka 100, wato sefa 100,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun da aka ƙara shi a farkon 2024, jaka 42 ne a wata. Dare ɗaya ke nan ya cinye fiye da albashin wata biyu na mai gadi ko mai shara. Duk wanda ya taso daga ƙasar da ake auna arzikin gida da dammunan gero, in ya ji wannan kuɗi, dole ya shiga ɗakin da babban tsammani. Tambayar ita ce ko abin da ya tarar ya kai abin da ya biya.

Masu cewa ya kai, hujjarsu ta farko wuta ce da sanyi, kuma ba hujjar wasa ba ce. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, dare ya yi amma bango yana ta amayar da zafin da ya sha da rana. A daidai wannan lokaci ne wutar NIGELEC ta fi yawan ɗaukewa, saboda kowa ya kunna abin da yake da shi. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke sha daga Najeriya yake zuwa, babban layinsa kuma daga Birnin Kebbi ya taso. Da Najeriya ta katse shi a farkon Agusta na wannan shekara, cikin takunkumin ƙungiyar Cedeao, unguwannin Yamai suka koma karɓa-karɓa, sai a watan Maris 2024 aka maido. A duk tsawon wannan lokaci babban otel yana da injin wutarsa, yana da tankin ruwansa. In wutar gari ta tafi, fitila ta ɗan ƙifta ta dawo, na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da aiki. Mutumin da ya yini a mota daga Dogondutsi, kilomita wajen 270 ta Kore Mairuwa da Doso, ga shingayen jami'an tsaro, ga ƙura, kuma gobe da ƙarfe takwas zai tsaya gaban masu ba da tallafi ya kare kasafin rijiyoyin ƙaramar hukumarsa, barcin awa bakwai cikin sanyi ba alatu ba ne a wurinsa. Kayan aiki ne. Intanet ɗin da zai tura takardunsa da shi ma haka.

Hujja ta biyu tsaro ne. Ƙofar ƙarfe, da madubin da ake zura wa mota a ƙarƙashi, da na'urar binciken jaka, ba don ado aka sa su ba. A ranar 20 ga Nuwamba 2015 'yan bindiga suka shiga Radisson Blu na Bamako suka kashe mutane kimanin 20. Ba a cika wata biyu ba, ranar 15 ga Janairu 2016, aka kai hari otel ɗin Splendid da wani gidan abinci da ke gabansa a Wagadugu, mutum 30 suka rasu. Tun daga nan babu wani babban otel a Sahel da ke barin ƙofarsa a sake. Masu suka sukan ce ai wannan ma hujja ce a kansu, tun da ba a taɓa jin an kai hari zauren wani malami don baƙo ya sauka ba, taruwar manyan baƙi ce ke jawo ido. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka, mai ɗauke da kuɗin ƙungiya ko kwamfutar ofis ya fi samun natsuwa a ɗakin da ke da akwatin ajiya da mai gadi a ƙofa, fiye da ɗakin samari da mutum shida ke shiga suna fita.

Hujja ta uku ita ce wadda ba a cika faɗa a fili ba, don kunya. Kowane ɗan Arewa da ke aiki a Yamai gidansa tasha ne. Mai jinya a Babban Asibiti nan zai sauka, ɗalibin da bai sami ɗaki a jami'ar Abdou Moumouni ba nan zai sauka, mai neman fasfo, mai jiran jirgin Makka, mai bin kuɗin fansho, duk nan. Maigidan ba zai taɓa cewa a'a ba, in ya ce kuwa labarin zai riga shi isa gida. Amma wa ke ɗaukar nauyin? Matarsa ce ke ƙara mudu a tukunya, yara ne ake tasa daga ɗakinsu a mayar da su falo, albashin da aka yi wa lissafin mutum bakwai ne ake miƙewa ya ciyar da goma sha biyu. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma a gidajen nan raɓar ba ta ɗagawa. Addini ma kwana uku ya sa wa liyafar baƙo, abin da ya wuce haka sadaka ce. Saboda haka wanda ofishinsa ya biya masa ɗaki, ya kwana a can, ya je gidan ɗan'uwa da yamma da ledar nama ya gaishe su ya dawo, ni ban ga ya yanke zumunci ba. Sauƙi ya yi musu. Mata ma'aikata sun fi kowa sanin wannan. Wata shugabar ƙungiyar mata ta taɓa ce mini in ta sauka gidan yayanta, ko da daga taro ta dawo a gajiye, ba ta iya zama tana kallon matar gidan tana aiki, sai ta ɗaura zane ta shiga madafa, takardun da za ta karanta kuwa sai bayan kowa ya yi barci. A otel ne kawai take zama baƙuwa ta gaske.

Masu ganin biyan kuɗin kwana baƙon abu ne a al'adarmu su ma su tuna da fatoma. Fataken goro da na shanu da suka riƙa sauka a zangon Kumasi ko a Sabo ta Ibadan, wurin fatoma suke sauka. Shi ke ba su ɗaki da tuwo, ya ajiye musu kaya, ya samo mai saye, ya tsaya musu in an yi bashi, sannan ya ci la'adarsa. Masauki na kasuwanci tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Kuma ba a musun cewa sabbin otel ɗin sun ɗauki samari da 'yan mata aiki, sun koya musu girki da lissafi da gyaran na'urori, sun kuma sa ana iya kiran babban taro a Yamai ba tare da jin kunya ba.

To amma maganar fatoman nan ita ce ke buɗe ƙofar masu suka, domin fatoma mutum ne. Ya san sunanka, ya san mahaifinka, in ka yi zazzaɓi shi ke nemo magani. Abin da ɗan Arewa ke nufi in ya ce an karɓe shi da kyau ke nan. A Matankari ko Dumega, baƙo bai gama sallama ba an shimfiɗa tabarma, yaro ya kawo ruwa a kwanon sha, kafin a gama gaisuwa fura ta iso, kuma ba mai tambayar abin da ya kawo shi sai ya huta. A babban otel abu na farko da ake nema daga gare ka katin shaida ne, na biyu kuɗin ajiya. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi tana murmushi, tana da ladabi, amma da Faransanci take magana, kuma murmushin iri ɗaya ne ga kowa don haka aka koya mata. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, sai dai mutumin karkara yana rarrabe fuskar da aka shimfiɗa masa don shi da wadda aka shimfiɗa don aiki. Dattijon da a garinsu ake tuɓe takalmi kafin a gaishe shi, a nan lambar ɗaki ce sunansa.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a ƙofar wani otel da na taɓa sauka. Kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da hatsi a Yamai, ya ji na zo, ya hau ɗan babur ɗinsa bayan magariba ya taho da kwanon tuwo da matarsa ta ɗaure a tsumma. Masu gadi suka tsayar da shi. Ba a shiga da abincin waje, in ji su, kuma sai an kira mai ɗakin. Na sauko na tarar da shi tsaye a gefen titi, manyan motoci suna wuce shi suna shiga. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, dokarsu ce." Ya ce, "Ba komai ɗana, ai na gan ka. Karɓi, innarka ta ce ka ci tun da zafi." Muka zauna kan dakalin wani mai shayi a tsallaken hanya muka ci tuwon tare. Masu gadin aikinsu suka yi, na kuma faɗi dalilin tsaron a baya. Amma masaukin da ba zan iya karɓar ƙanen mahaifiyata a cikinsa da kwanon tuwonsa ba, akwai abin da ya rage masa, ko tauraro nawa aka liƙa a ƙofarsa.

Shi kansa ɗakin, an tsara shi ne da wani baƙo a zuciya, kuma wannan baƙon ba daga kwarin Dallol Mauri na Arewa ya fito ba. Katin da ke buɗe ƙofa shi ke kunna wuta, in ba a nuna maka ba sai ka tsaya cikin duhu kana lalube. Taga ba ta buɗewa. Gado ya isa mutum huɗu, tawul fari fat, sabulu kala-kala a ƙananan kwalabe. Ka shiga bayi kuwa ba buta, sai takarda. Na san dattijon da ya juye ruwan gorar da aka ajiye masa na sha ya mayar da ita buta, da ya zo tafiya aka sa masa kuɗin ruwan a takarda. A ɗakin da na sauka ba alamar alƙibla, ba darduma, sai na buga waya aka kawo. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, waɗannan abubuwa ba su kai kuɗin sabulun da ake zubarwa kullum ba. Rashinsu yana gaya wa ɗan ƙasa cewa ba shi aka yi tsammani ba. Ga kuma mashaya a kusa da inda ake cin abinci, da wurin ninkaya da ake ratsawa, abin da ke sa wasu malamai da iyaye mata su ƙi sakewa har su bar wurin.

Abinci shi ne inda na fi tsayawa, don nan ne maganar ta shafi Arewa kai tsaye. Da safe akan jera teburi mai tsawo: burodi iri-iri, cuku, man shanu a 'yan takardu, ƙwai, 'ya'yan itace, ruwan lemo na kwali. Duk mai kyau ne, amma na duba daga wannan kai zuwa wancan ban ga koko da ƙosai ba, ban ga fura ba, ban ga dambun zogale ba. Wani saurayi mai kawo shayi ya dubi fuskata ya ji harshena, sai ya sauke murya ya ce, "Baba, daga Arewa kake?" Na ce daga can. Ya ce shi ma iyayensa mutanen wajen Tibiri ne. Na tambaye shi ko ana samun fura, ya yi dariya ya ce su ma in sun tashi aiki a bakin titi suke sha. Washegari ya zo mini da ita a 'yar roba daga gidansu, ya ƙi karɓar ko dala. Karamcin da na samu a wannan gini, wanda har yau nake tunawa, daga aljihun yaron ya fito, ba ya cikin jaka ɗarin.

Ba kwaɗayin fura ne ya sa na damu ba. Teburin abincin babban otel kasuwa ce. Dogondutsi ta yi suna da noman dankalin turawa a lokacin sanyi, wanda ƙawancen garin da Orsay ta Faransa ya taimaka wa. Sukukutan tana da farar albasarta da aka sani da sunan garin. Fadamun Dallol Mauri suna ba da rake da rogo da mangwaro, ga zabi, ga gyaɗa. Duk otel ɗin da ya ƙulla da ƙungiyar manoma cewa zai riƙa ɗaukar kaza duk mako a kan farashi sananne, ya yi wa ƙauye guda abin da taron bita goma bai yi ba. Masu otel suna da amsa, kuma a saurare su: suna son kaya iri ɗaya, girma ɗaya, a kan lokaci, duk shekara, da takardar shaidar biya, manominmu kuwa yana da kaya wata uku ya rasa wata tara, don wurin ajiya mai sanyi bai wadata ba. Wannan matsala ce ta gaske. Amma matsala ce da ake warwarewa da yarjejeniya da ɗakin ajiya, ba a warware ta da yin odar daskararren dankali daga bakin teku.

Daga nan sai maganar inda kuɗin ke tafiya. Manyan otel ɗin da aka buɗe a 2019 jarin waje ne, ribar kuma mai jari take bi. Ba laifi ba ne mutum ya ci ribar kuɗinsa, da ba su zo ba da ginin bai tashi ba. Sai dai ɗan ƙasa yana da hakkin ya tambayi me ke zama a gida ban da albashin ƙananan ma'aikata, kuma ko ana daraja shi in ya shiga. A watan Maris 2025 gwamnati ta janye lasisin Soluxe, tana zargin sa da nuna wariya da kuma rashin gaskiya a harkar haraji. Ko me mutum yake gani game da siyasar da ke kewaye da matakin, ya nuna cewa ƙorafin wariya a irin waɗannan wurare ya wuce hirar majalisa.

Akwai kuma abin da shekaru ke yi. Babban otel kamar katangar laka yake: in ba a yi mata yaɓe kafin kowace damina ba, ba a ganin lalacewar sai ta yi nisa. Ƙurar hunturu tana cin na'urorin sanyi, zafi yana cin robobi, lif yana son kayan gyara da ba a ƙera su a Nijar. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, wadda a da ta nan yawancin kaya ke shigowa daga tashar Kwatano ta Gaya, sai aka koma zagayawa ta Lome da Burkina, tafiya ta ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Baƙin Turai da ke cika ɗakunan sun ragu bayan juyin mulki. In ɗakuna ba su cika ba, gyara ne abu na farko da ake jinkirtawa, farashi kuwa ba ya saurin sauka. Nan ne baƙo yake tarar da famfon da ke ɗiga, da kafet mai warin danshi, da ruwan zafin da sai an jira, a ɗakin da hotonsa a intanet yake ƙyalli. Gaweye ma a zamaninsa abin alfahari ne, kuma shekaru ba su bar shi ba. Araha ba ta ado, haka ne, amma tsada ma ba ta ba da tabbaci.

In aka tambaye ni inda na tsaya, sai in raba amsar gida biyu, kuma rabon ba daidai ba ne. Wanda ya zo aiki na kwana biyu ko uku, yana son wuta da ruwa da shiru da tsaro, babban otel yana ba shi abin da ya zo nema, galibi ba tare da gardama ba. Ya kuma kamata ya san abin da yake saya: yana biyan kuɗin injin wuta ne da tankin ruwa da katanga, abubuwan da da birnin ya wadata da su, da kowa ya same su a gidansa. Rabin tsadar ɗakin daga rashin da ke wajen katangar ta fito. Irin wannan baƙo kada ya ji nauyin yin magana. Mutanenmu suna da kawaici, famfo ya lalace su yi shiru, a kawo abinci da sanyi su ce an gode. Wanda aka biya wa jaka 100 ba alfarma aka yi masa ba, ya kira a gyara, ko a sauya masa ɗaki, ya nemi buta da darduma ba tare da sunkuyar da kai ba. Yawan tambaya ne zai sa su shiga tsarin gidan.

Wanda kuwa ya je don a karrama shi, don ya ji irin abin da ake ji in an sauka gidan mutumin kirki, zai dawo da ƙishi. Ba a gina wurin don haka ba, kuma abin da yake nema ba a rubuta shi a takardar farashi. Shi ya sa ba na ba angon da zai ci bashi shawarar ya kai amarya can don a ɗauki hoto, ba na kuma ganin laifin malamin da ya karɓi kuɗin guzurinsa ya kwana a unguwar Bukoki ya kai wa iyalinsa ragowar.

Inda ba ni da sassauci shi ne kuɗin jama'a da na tallafi. Ana kiran taro kan ƙarancin abinci a Dogon Kiriya ko rashin ruwan sha a ƙauyukan tudu, a kwaso mutum arba'in daga Arewa a kai su ɗakin taro mai sanyi a Yamai, kuɗin ɗakuna da na shayin ƙarfe goma ya kai abin da zai gyara famfunan ƙauyuka da dama. Masu shiryawa sukan ce babu wurin da ya dace a Arewa. Amma Doso ta sami gine-gine lokacin bikin 18 ga Disamba na 2014, wanda aka kira Doso Soga, kuma tsakaninta da Dogondutsi tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka. Dogondutsi kanta tana kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, duk motar da ta taso daga Yamai zuwa Ƙonni da Maraɗi da Damagaram sai ta ratsa ta. Abin da garin ke buƙata ba bene mai hawa goma sha ba ne. Ɗakuna ashirin ne ko talatin masu tsabta, da wutar hasken rana da ba ta ɗaukewa, da rijiyar burtsatse, da ɗakin taro, da masallaci, da zaure a bakin ƙofa inda baƙo zai karɓi danginsa, a farashin da ma'aikaci zai iya biya daga kuɗin guzurinsa. Arewa ba ta rasa attajirai a Yamai da Kwatano da Legas da za su iya wannan gini. In ƙananan hukumomin Dogondutsi da Tibiri suka haɗa baki cewa taron da ya shafi ƙasarsu a ƙasarsu za a yi shi, mai jarin zai san yana da masu kama ɗaki tun kafin ya sa tubalin farko, mai dafa abincin kuma a kasuwar garin zai sayi dankalinsa da albasarsa.